Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Bature Ke Cewa "I Am Thinking" Amma Ba Ya Cewa "I Am Knowing"?

TAMBAYA: Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare a Zariya. Na koya wa ɗalibaina cewa kalmomi irin su think, know, believe da understand ba sa ɗaukar -ing, kamar yadda mu ma aka koya mana. Sai wani yaro ya kawo mini guntun wani fim ɗin Amurka a waya, ga wata Baturiya tana cewa "I'm thinking we should go home," can kuma wani ya ce "I'm not understanding you." Yaron ya dube ni ya ce, "Malama, ke kin fi su iya harshensu ne?" Don Allah a warware mini. Dokar ce ba daidai ba, ko su ne ke kuskure? Kuma me zan gaya wa masu shirin jarrabawa?

AMSA: Ki yi wa yaron nan afuwa, kada a sa shi tsallen kwaɗo, domin tambayar da ya yi ta fi shekarunsa. Dokar da kika koyar gaskiya ce, sai dai gutsurarriya ce. Mutanen fim ɗin su ma ba su yi kuskure ba. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne an miƙo mana jerin kalmomi an ce mu haddace, alhali dokar tana bin ma'anar da kalma ta ɗauko a cikin jimla ne. Kalma ɗaya tana iya ƙin -ing da safe ta karɓe shi da yamma, gwargwadon aikin da aka sa ta.

Bari mu fara da aikin da sigar take yi. Idan Bature ya haɗa am, is ko are da aikatau mai -ing, yana gaya miki cewa abin ya fara, bai ƙare ba, kuma yana da ranar ƙarewa. "She is cooking": an ɗora tukunya, ba a sauke ba tukuna, amma za a sauke. To, sani fa? Direban da ya san hanyar Zariya zuwa Funtuwa ba wani aiki yake yi ba da ya san ta. Yana barci ya san ta, yana cin tuwo ya san ta, ba za ki iske shi a tsakiyar saninta ba kamar yadda za ki iske mai girki a tsakiyar girki. Sani kamar tsawon mutum ne, yana da shi kawai. Saboda haka sigar da ke nuna aikin da ake tsakiyar yi ba ta da wurin kamawa a jikin know. Haka ma believe idan ana nufin abin da mutum ya yarda da shi, da suppose, da doubt, da mean idan ana tambayar ma'anar kalma.

Wani masanin falsafa mai suna Zeno Vendler ya wallafa wata maƙala a 1957 mai taken "Verbs and Times", inda ya kasa aikatau na Turanci gida huɗu, ya ware gida ɗaya ga waɗanda ke nuna hali ko yanayi maimakon aiki. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ya yi amfani da su za ki iya kai shi aji gobe. Ki tambayi mutum me yake yi. Zai iya amsawa da cewa yana gudu, yana rubutu, yana tunani. Ba zai amsa da cewa yana sanin wani abu ba. Duk aikatau ɗin da bai iya zama amsar wannan tambaya ba, ki yi hattara da shi kafin ki liƙa masa -ing.

Abin da zai ba ki sha'awa shi ne ɗalibanki sun riga sun san rabin wannan doka tun daga gida. Wane Bahaushe ne ke cewa "ina sanin Audu"? "Na san Audu" muke cewa. Haka "na gane", "na yarda", "na tuna", "na manta". Duk da cewa yanzu-yanzu ake cikin halin, sigar shuɗaɗɗen lokaci muke ɗauka mu faɗe shi, ba lokaci mai ci ba. Shi ya sa ba kasafai za ki ji yaron da ya tashi da Hausa yana cewa "I am knowing" ba. Nasa tuntuɓen a wani wuri yake. Yana jin "na sani" a ransa sai ya rubuta "I knew" inda ake son "I know". Malami ya gama bayani, yaro ya miƙe ya ce "I have understood", inda Bature zai ce "I understand" ko "I see" ya wuce abinsa.

Ɗaya rabin ne Hausa ke jefa mu a rami. Idan za mu faɗi ra'ayi, lokaci mai ci muke ɗauka: "ina ganin gara mu tafi", "ina jin zai zo", "ina tsammanin ya isa", "ina zaton ba ya nan". Yaro ya koyi cewa ina daidai take da "I am", sai ya kwashe jimlar ɗungurungum ya kai Turanci: "I am thinking he will come." Ta wannan ƙofa ce "I am having a car" ta shigo daga "ina da mota", da "I am hearing you" daga "ina jin ka". Mu malamai ma ba mu tsira ba. "Kuna ganewa?" ita ce ta haifi "Are you understanding?" da ake ji a azuzuwanmu kullum, alhali a Ingila malami "Do you understand?" zai ce, ko "Are you following?" idan yana son ya san ko ana biye da shi. Ki lura follow ta karɓi -ing ba gardama, domin bin bayani aiki ne da ake yi daki-daki.

Yanzu mu zauna a kan think, tunda ita ce uwar rigimar. Kalmomi biyu ne suka sa riga ɗaya. Akwai think ta ra'ayi, wadda mu muke faɗa da "ina ganin" ko "a ganina". Akwai kuma think ta juya abu a zuci, wadda muke faɗa da "ina tunani" ko "ina nazari". Ta farko hali ce: "I think the price is too high." Ra'ayin yana nan zaune, ba a tsakiyar yin sa ake ba. Ta biyu aiki ce da ke cin lokaci, ana iya katse ta, ana iya gajiya da ita: "Be quiet, I am thinking." Ki gwada wa ɗalibai da tambayoyi biyu. "What do you think?" neman ra'ayi ne, wato me ka gani. "What are you thinking?" kuwa ita ake yi wa wanda ya yi tagumi ya zura wa bango ido, wato tunanin me kake yi. Wanda ya musanya su a wurin taro zai ga mutane sun ɗan dube shi.

Akwai alamar da ke taimakawa, ko da yake ba kullum take cika ba. Idan about ko of ta biyo baya, galibi think ta aiki ce: "I am thinking about my mother", "We are thinking of selling the farm". Wannan ta ƙarshe tana nufin shawara ce ba a yanke ba tukuna, ana dai juya ta. Idan kuwa cikakkiyar jimla ce ta biyo baya, da that ko babu, galibi ra'ayi ne, sai a bar ta ba -ing. Na ce galibi ne saboda "What do you think of him?" ra'ayi take nema duk da of ɗin da ke ciki.

To ina aka bar Baturiyar fim, wadda ta ce "I'm thinking we should go home"? Ai cikakkiyar jimla ce ta biyo baya, ga kuma -ing. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki ra'ayi ta nuna shi tun bai gama nuna ba. "I think we should go home" magana ce da aka gama yankewa. "I'm thinking we should go home" tana cewa ga inda zuciyata ta karkata a yanzu, ƙofa a buɗe take idan kuna da wata shawarar. Mu ma muna da wannan salo, bambancin "gara mu tafi" da "ni dai ina ganin kamar gara mu tafi, ko ya kuka gani?" Irin wannan ya fi yawa a bakin Amurkawa, kuma a hira yake zaune. Da wuya ki gan shi a takardar neman aiki ko rahoton ofis. Shi ma mai cewa "I'm not understanding you" ba yana nufin ba ya jin harshen ba ne. Yana nufin a daidai wannan lokaci maganar tana kuɓuce masa, kuma yana sa ran da an sake bayani zai kama. Ya mayar da rashin fahimtar abu na ɗan lokaci, wanda hakan ya fi laushi a kunne.

Wannan sassautawa tana da babban matsayi a ladabin Turawan Ingila. Geoffrey Leech na Jami'ar Lancaster ya yi bayaninta a littafinsa Meaning and the English Verb, wanda ya fara fitowa a 1971. Wanda ke neman alfarma ba ya cewa "I wonder if you can help me" kai tsaye idan yana son ya ƙara ladabi. Sai ya ce "I was wondering if you could help me", ya haɗa -ing da shuɗaɗɗen lokaci, kamar tunanin ya ɗan gifta masa ne kawai, idan ba hali babu komai. Haka "I am hoping you will come" ta fi "I hope you will come" nuna cewa ba tilas. Ɗalibin da zai rubuta wa malaminsa na jami'a saƙo yana bukatar wannan fiye da yadda yake bukatar rabin abin da ke cikin manhaja.

Hanya ta gaba da hali ke karɓar -ing ita ce idan yana sauyawa. Fahimta hali ce, amma ƙaruwar fahimta abu ne da ke tafiya a hankali. Saboda haka "I am understanding algebra better every week" daidai ce, kamar yadda mu ma za mu ce "kullum ina ƙara ganewa". Ki nemi kalmomi irin su more and more, better, gradually, slowly a kusa, su ne shaidar cewa ana maganar sauyi. "People are realising that the rains have changed." "I am forgetting my Arabic", wato Larabcin yana zubewa kaɗan-kaɗan. Forget ma dai ta fi sauran sakin jiki. Uwa na ganin yaro zai fita ba jakar makaranta sai ta ce "Aren't you forgetting something?", kuma babu Baturen da zai ɗaga gira. Idan kuma aka sa always a tsakiya, ƙorafi ne ya shigo: "He is always thinking people are against him", wato shi kullum gani yake ana ƙulla masa.

Sauran 'yan gidan kowace da fuska biyu, kuma wasu daga ciki suna iya ba mutum kunya. "I expect you are tired" zato ne, amma "I am expecting a visitor" jiran baƙo ne, sannan "She is expecting" ba tare da an ƙara komai ba tana nufin tana da juna biyu. "I see" na gane ne, "I am seeing the doctor tomorrow" alkawarin ganawa ne, amma "He is seeing her" a kunnen Bature soyayya suke yi. Ki faɗa wa manyan ɗalibai wannan tun kafin wani ya je ya ce yana "seeing" matar maƙwabcinsa alhali hango ta kawai yake yi daga nesa. "I imagine it was hard" zato ne, "You are imagining things" kuwa cewa ne idonka ke yi maka gizo. "I consider him a friend" matsayi ne da aka ba shi, "I am considering the offer" nazari ne da ake kan yi. Mean ma, wadda ba ta yarda a ce "What is this word meaning?", ta yarda a ce "I have been meaning to call you", wato na daɗe ina da niyyar kiran ka ban samu yi ba.

Know ce ta fi kowa taurin kai. Ko sauyi ake son nunawa, ba ta karɓa, sai an ɗauko mata 'yar rakiya: "I am getting to know my neighbours." Idan kuma ana maganar tsawon lokaci, "I have known him since we were children" ake cewa. Ɗalibanmu sukan rubuta "I know him since" saboda "na san shi tun muna yara", wasu kuma da suka ji an ce since tana tafiya da have been sai su ƙirƙiro "I have been knowing him". Duka biyun jan biro suke sha a jarrabawa.

Wani abu da ya kamata ki gyara a bayaninki shi ne cewa waɗannan kalmomi "ba sa ɗaukar -ing". Wannan furuci shi zai sa yaro mai kaifin ido ya sake kama ki. Knowing kalma ce lafiyayya: "He left without knowing the result", "Knowing her, she will arrive late", "Believing a rumour is easy". A nan -ing ɗin sunan aiki ya gina, ko ya buɗe wani ɓangaren jimla, kamar yadda muke cewa "sanin halinta" ko "ba tare da sanin sakamako ba". Abin da ake ƙi shi ne a haɗa am, is, are, was ko were da ita don a nuna aiki mai ci.

Sai tambayar da ke ƙarƙashin tambayarki: wa ke da ikon cewa kaza kuskure ne? Sigar nan mai -ing ta daɗe tana cin ƙasa a Turanci. A zamanin Shakespeare mutum yana iya tambayar wani abin da yake karantawa a gabansa ba tare da -ing ba, kuma akwai irin wannan a wasan Hamlet. Jimla irin "the house is being built" sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta bayyana, kuma masu gyaran harshe na ƙarni na 19 sun yi mata ca, suna ganin ɓarna ce. Kafin ita "the house is building" ake cewa. Yau babu wanda ya san an taɓa faɗa a kanta sai masu tonon tarihi. Leech da abokan aikinsa uku sun fitar da littafin Change in Contemporary English a 2009, inda suka gwada rubuce-rubucen Ingila da Amurka na 1961 da na farkon shekarun 1990, suka ga amfani da sigar ya ƙaru a tsakani. Kamfanin abinci na McDonald's ma ya ba da tasa gudummawar a 2003 da ya liƙa wa love -ing a taken tallarsa, malaman nahawu suka yi ta guna-guni, duniya kuma ta ɗauka.

Mu ma ba mu kaɗai muke shimfiɗa sigar ba. An san Turancin Indiya da wannan, haka na Ghana da na wasu ƙasashen Afirka. Marigayi Farfesa David Jowitt, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ya fitar da Nigerian English Usage a 1991 don bayyana yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa Turanci, sannan a 2013 Ulrike Gut da Robert Fuchs suka wallafa bincike a kan wannan siga takamaimai a Turancin Nijeriya, suka nuna ana kai ta har ga aikatau masu nuna hali. Ni a ganina mutumin da ya ce "I am hearing you" a kasuwar Sabon Gari bai yi laifin komai ba, an fahimce shi, ciniki ya faɗa. Amma akwai bambanci tsakaninsa da Baturiyar fim. Ita tana da sigogi biyu a hannu, ta zaɓi ɗaya don ta sassauta magana. Ɗalibin da "I am thinking" kaɗai ya iya ba shi da zaɓi, kuma aikinki shi ne ki ba shi ta biyun.

Game da masu jarrabawa kuwa, WAEC da NECO da JAMB daidaitaccen Turanci suke aunawa, irin na rubutu, ba na hirar fim ba. Idan aka ba yaro gurbi ya cike tsakanin "knows" da "is knowing", ko "belongs" da "is belonging", amsar ba ta da wata tantama. Littafin Raymond Murphy, English Grammar in Use, wanda ya fara fitowa a 1985, yana da darasi a kan wannan da atisaye, idan akwai shi a laburaren makarantarku. Amma atisayen da ya fi amfani ke za ki haɗa shi da kanki. Ki rubuta jimlolin Hausa goma a allo, biyar da "ina ganin" ko "ina jin", biyar da "ina tunanin" mai nufin nazari, ki ce su mayar da su Turanci. A nan za ki ga wanda ya kama bambancin da wanda haddar jeri kawai ya yi.

Wajen duba takardunsu, duk inda kika ga "I am knowing" ko "I am believing that" ki ja jan biro ba tare da wata-wata ba. Inda kika ga "I am thinking about" ko "I am thinking of", ki bar wa yaro makinsa. Wanda ya rubuta "I am thinking that the government should" a cikin insha'i, ki mayar masa da ita "I think", ki rubuta masa a gefe cewa a hira ana iya jin ta, amma mai duba takardar WAEC zai rage masa maki. Allah ya ba ɗalibanki sa'a.